Shanyar Kubura

Hoton matata yana rataye a kantin Sambo da ke bakin kasuwar Kalgo, tsakanin buhunan gishiri da garewanin kananzir, kuma cikin masu shiga sayayya babu wanda ya san tana ciki. Ni kaina ban san ya iso ƙasarmu ba sai a bazarar 1957, shekara shida bayan na binne ta.

Sunana Isa. A Gwandu Malam Tafinta ake ce mini, don na yi shekara goma sha biyu a Ikko ina juya maganar Bature zuwa Hausa ga leburorin wani kamfanin sabulu, ina kuma juya kukan leburori zuwa Turanci, ko da yake wannan rabin aikin ba a cika nemansa ba. Na sauke Alƙur'ani a zauren mahaifina, na karanta fiƙihu da nahawu, na yi makarantar Midil a Sakkwato. Na kawo wannan ne domin a san wautar da za a ji a gaba ta mai karatu ce.

Gidajen ma'aikata suna bayan masana'antar: ɗakuna a jere, rufin kwano, da ɗan tsakar gida da aka kewaye da langa-langa domin masu iyali. A kanmu akwai bututun hayaƙi na jan bulo, ya fi duk giginyar da na taɓa gani tsawo. Kwal suke ƙonawa, baƙin dutsen nan da jirgin ƙasa ke ci. Iskar teku takan kaɗo hayaƙin ta kanmu tun daga hantsi har bayan la'asar. Wanda bai san shi ba zai zaci irin na kara ne, ya sa ka hawaye ya wuce. Wannan yana da nauyi, yana da maiƙo, kuma sauka yake yi. Kafin ka kai loma ta uku za ka ga baƙin ɗigo a kan tuwon kamar an barbaɗa masoro. Ka yi kaki da safe, baƙi. Littattafan da na tafi da su har yau gefen takardunsu launin toka ne, kuma idan damina ta jiƙa iska sai su riƙa fitar da warin wurin. Matata Kubura takan wanke farar rigata da sabulun kamfanin, ta shanya, kafin ta bushe ta zama launin ɓera. Sai ta sauke ta sake wankewa. Ta kowane gefe dai kamfanin bai yi asara ba.

'Yarmu ɗaya ce, kuma ita ce ta fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi su yi hira, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Sunanta Rahmatu. Na iya rubutawa don takarda ba ta san kunya ba, amma a baki "yarinyar Indo" nake cewa. Indo yayata ce. Da Rahmatu ta cika shekara huɗu, Kubura ta kawo ta Gwandu ganin gida, ta komo Ikko ita kaɗai. Ta ce mini Indo ce ta roƙa, kuma ai dama 'yar fari ta dangi ce. Na yarda, don haka ake yi.

Tari ya kama Kubura a shekararta ta bakwai a can. Da farko da safe kawai, daga baya ya zama shi ke tarbata idan na taso aiki, tun daga bakin layi nake jinsa. Likitan kamfanin ya ɗora mata abin sauraron ƙirji, ya tambaye ni da me take girki. Na ce da itace. Ya ce to shi ke nan, hayaƙin murhu ne, matan ƙasar nan ba su san illarsa ba. Kakata ta hura wutar itace shekara saba'in a Gwandu, ta mutu tana zagin jikokinta da muryar da ake ji daga bakin kasuwa. Amma na juya na fassara wa Kubura maganar likita da bakina, kalma bayan kalma, don aikina ke nan.

Da abin ya yi tsanani sai na yi abin da mai karatu ke yi idan gidansa ya kama da wuta: na zauna na rubuta takarda. Shafi uku, da Turanci mai kyau, har da "mai girma" a sama da "baranka mai biyayya" a ƙasa. Na san Bature ba ya karɓar magana sai da shaida, don haka na je na ɗauko wani Bayarabe mai hoto, irin masu akwati a kan ƙafa uku da baƙin mayafi. Na ce ya ɗauki shanyar Kubura yadda bututun zai fito a bayanta. Farin zanen gado ne, ta wanke shi sau biyu a ranar.

Mutumin ya shiga mayafinsa ya fito. Ya ce iska tana kaɗa zanen, in ba a riƙe shi ba hoton zai dagule, ni kuma yana so in tsaya a gefensa in kare masa rana da tabarma. Kubura ba ta fita gaban baƙon namiji. Muka yi ta ja-in-ja ta bakin ƙofa, ƙarshe ta ce in sa shi ya juya baya. Ta fito ta ɓuya a bayan zanen, ta kama bakinsa na sama da hannu biyu.

"Ka ce masa ya yi sauri," ta ce, "tari na zuwa."

Ta danne shi har mutumin ya rufe idon akwatinsa. Ga abin da ya fito: sama baƙa ƙirin, bututu, zane dabbare-dabbare, yatsu takwas masu lalle a bakinsa na sama, ƙafafu biyu a ƙasa. Duk hoton da aka taɓa yi wa matata a duniya ke nan.

Guda biyu ya wanko mini. Na haɗa ɗaya da takardar na miƙa a ofis. Bayan wata guda amsa ta zo, layi biyu: an gode da hoto mai ban sha'awa, kuma ana duba maganar. Kubura ta rasu a daminar da ta biyo baya, tana da shekara goma sha ɗaya a Ikko. Na tattara littattafaina na dawo gida.

A bazarar 1957 ruwa ya yi jinkiri. Mutanen Ceberu da Dodoru sun yi binne, iri ya kwana talatin a busasshiyar ƙasa, zabi suna tonewa. An fita roƙon ruwa sau biyu. Duk wanda ka gamu da shi a hanya yana gaishe ka ne idonsa a gabas.

A lokacin Rahmatu tana aure a Kalgo, a gidan Malam Abdulgani, manoman shinkafa ne a fadama. Mijinta Lukuman, ɗan maigidan, yaro ne mai ladabi, ba ni da abin da zan zarge shi da shi sai ƙuruciya. Suna da yarinya 'yar shekara uku da aka sa wa sunan Kubura, don haka babu mai faɗin sunan, Albarka ake ce mata.

Indo ta same ni a zaure ina karatu.

"Isa, rufe littafin nan. Lukuman za shi Ikko."

"Allah ya kiyaye hanya. Wa bai je ba?"

"Kamfaninku za shi. Wani helma mutumin Diggi ya zo ɗibar leburori. An ce mai mata ana ba shi ɗaki, don haka da ɗiyarka za shi tahi, da Albarka."

Indo ce kaɗai a duniya ke ce mini "ɗiyarka" kai tsaye. Ta girme ni, kuma ba ta taɓa ganin amfanin karatuna ba.

Na buɗe akwatin ƙarfe na ciro hoton da ya rage mini, na sa shi a cikin littafi don kada ya lanƙwashe. Washegari muka shiga motar kaya zuwa Birnin Kebbi, daga can wata zuwa Kalgo. Abu ɗaya ya kai ni: kada a tafi da Rahmatu da yarinyar. Lukuman kuwa, ƙirjinsa nasa ne.

Da muka sauka Indo ta wuce gidan, ni na tsaya sayen goron gaisuwa. Rana ta kore ni na shiga inuwar kantin Sambo. Nan na gan shi.

Kalanda ce babba mai tambarin balbela, irin wadda kamfanin ke raba wa masu sayar da sabulunsa. Ga bututun. Ga igiyar, ga sandar nan da ta karkace, wadda na yi shekara huɗu ina alkawarin gyarawa. Ga daron Kubura a kife. Sun zuba wa hoton launi. Zanen ya koma fari tas, ko ɗigo babu, saman kuma sun yi masa shuɗi mai duhu. Ƙafafun sun goge su, sun zana ciyawa a wurin, a tsakar gidan da ko tafasa ba ta taɓa tsira ba. Yatsun sun bari. Ina jin mai gyaran ya zaci 'yan maƙalai ne na riƙe shanya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: TSABTA DA CI GABA.

Ashe da gaske ana duba maganar. Shekara bakwai suna dubawa, har suka gano inda za ta yi musu amfani.

Sambo mai kantin ya ga na daskare, ya yi dariya.

"Malam, kai ma ta kama ka ko? Duk wanda ya shigo sai ya tsaya. Dubi hadari don Allah! Kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi. Mu muna nan muna kallon sama kamar kaji, su can an jibge musu shi bisa rufin ɗaki."

"Hayaƙi ne," na ce.

"Na'am?"

"Hayaƙi ne. Daga wancan bututun yake fita."

Ya matso ya ƙura ido. "Wanga? Ai ni na ɗauka hasumiya ce." Ya sake kallon saman, ya girgiza kai. "Haba Malam. Hayaƙi ya ruhe sama duka? Mi anka dafa, giwa?"

Wani dattijo da ya zo sayen gishiri ya sa baki. "To ko hayaƙin ne, ai girki ake. Mu gidanmu jiya sau ɗaya ya tashi, shi ma na ruwan zahi ne."

Suka yi dariya su biyu. Sambo ya ce ai yaron gidan Malam Abdulgani kullum sai ya zo ya tsaya a gabanta, tun kafin helman ya zo gari. Wato hoton da na biya aka ɗauka don in ceci uwa, shi ya zo har Kalgo ɗaukar 'ya.

Bayan azahar muka zauna a zauren Malam Abdulgani, shi da ƙannensa biyu da wani maƙwabci. Lukuman ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Aka gaisa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi Gwandu, aka tambayi mutanen Gwandu ɗaya-ɗaya, aka jajanta rashin ruwa, aka raba goro. Sai da wannan duka ya ƙare na buɗe littafi na miƙa hoton.

Malam Abdulgani ya riƙe shi nesa da fuska, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Irin ta Sambo ce. Amma ta Sambo ta hi kyau. Wagga ta yi dauɗa, Malam Isa, ba ka adana ta da kyau ba."

"Ba dauɗar ajiya ba ce. Haka zanen yake. Wannan ce ta asali, ta Sambo fenti ce."

Ƙanensa ya karɓa. "Hadarin dai shina nan. Wanga in ya sauka sai an kwashe awaki."

Na yi musu bayani. Na faɗi kwal, na faɗi bututu, na faɗi yadda iskar teku ke kaɗawa. Na faɗi tuwo da kaki da tari. Na gaya musu na karanta a jarida cewa a babban birnin Turawan kansu, shekara biyar da suka wuce, hayaƙi ya sauko ya zauna a kan gari, ya kashe mutane dubbai cikin 'yan kwanaki. Na yi magana kamar mai karantar da ɗalibai, har da ɗaga yatsa. Sun saurara da ladabi, irin ladabin da ake yi wa wanda aka riga aka san ba za a bi maganarsa ba.

"Turawa dai ga su nan, ba su ƙare ba," in ji maƙwabcin.

Malam Abdulgani ya gyara zama. "Malam Isa, kai ka yi shekara goma sha biyu can. Ga ka lahiya lau, muryarka ta hi tamu."

"Ni ina ofis mai gilashi, a gefen da iska ba ta kaɗawa. Ita tana tsakar gida daga safe har yamma."

"Allah ya jiƙan marigayiya. Kwananta ya ƙare. Ko kana cewa bututu ke kashewa, ba Allah ba?"

Na san wannan tarkon, na san kuma mafitarsa. Na kawo masa abin da malamai suka ce a kan garin da annoba ta sauka, cewa wanda ke waje ba ya shiga. Ya ce gaskiya ne, amma annoba ai ana ganin gawawwaki a hanya, shi kuwa helman Diggi ya zo da agogo a hannu da takalmi mai igiya. Ƙanensa ya ce kuma shinkafar bara ta kusa ƙarewa a rumbu, ta bana ko shukawa ba a yi ba. Wannan kam gaskiya ce.

Sai Lukuman ya yi magana, da tabarma yake yi ba da ni ba.

"A gaya ma Baba shekara biyu kawai za mu yi. In na samu na garma da shanun noma, mu dawo."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ka tafi kai! Ka je ka shaƙa har ka ƙoshi! Amma Rahmatu ba za ta je ba!"

Ƙaramin ƙanen ya yi a'uziyya a hankali. Lukuman ya ƙara dunƙulewa kamar zai shige ƙasa. Malam Abdulgani ya kawar da kai gefe, yadda ake yi wa dattijon da wandonsa ya zame a kasuwa.

"Malam ya gaji da tahiya," ya ce. "A kawo mishi ruwa."

Na ba su labarin macen da ta yi shekara huɗu tana tari har da jini, babu wanda girarsa ta motsa. Na faɗi sunan da ni na zaɓa wa 'yata, sai ga maza huɗu suna neman tsari. Har yau idan aka tuna zuwana a Kalgo, abin da ake faɗa ke nan: boko ya lalata Tafintan Gwandu, a gaban surukai ya kira sunan 'yar fari. Hayaƙin babu mai tuna shi.

Amma murya ba ta tsaya a zaure ba. Ina shan ruwan da aka kawo sai ga hannun Indo ta ƙofar cikin gida.

"Ba ni takardar nan. Kai kuma zagayo ta wajen rumbu."

Na zagaya. Zana ce tsakanina da sashen mata, sabuwa, tana ƙanshin gamba. Ina jinsu, suna jina, amma a ƙa'ida ba ma tare. Rahmatu da Indo take magana, ni kuma da zana. Muryarta ban ji ta sau goma ba tun da ta girma. Ta uwarta ce sak, kafin tari ya ci ta.

"Goggo, wanga ne hoton da mazan ke ta cewa hadari?"

"Shi ne."

Sai na ji muryar Rahmatu.

"Ba hadari ba ne."

"Mi kinka gani?"

"Wace mace za ta shanya zanen gado ga hadari ya haɗo haka? Ko mahaukaciya kwashewa take yi. Kuma dubi daro a kife, an gama wanki ke nan, ba a cikin sauri ake ba." Can ta ce, "Amma Goggo, an wanke zanen nan kuwa?"

Na gaya wa zana, "Sau biyu. Da sabulu mai balbela."

Maza huɗu sun riƙe hoton nan a zaure, uku a cikinsu masu karatu, kowa saman ya kalla. Ita igiyar ta duba.

"Ƙafafun wa?"

Indo ta bar mini wannan tambayar.

"Na mai sunan Albarka," na ce.

Na ji Albarka tana cewa a ba ta ta gani, na ji an kawar da hannunta. Wata tsohuwa daga can ciki ta tambaya ko lafiya, Indo ta ce mata lafiya lau, ta ci gaba da tankaɗenta.

"Goggo, ki tambaye shi. Ni da nike can, na yi tari?"

Na tuna. Ta yi. Na ce mura ce, na sayo mata alewar tari a kanti. Ina cikin haɗa amsar da za ta fito da ni da mutunci Indo ta riga ni.

"Kin yi. Kamar tunkiya mai majina anka kawo ki. Kuma bari in gaya miki yau, shi ma ya ji, tunda shina da kunnuwa bayan zana. Ni ban roƙe ki ba. Ina da biyar nawa, mi zan yi da ta shida? Uwarki ta aje ki ɗakina ta ce, 'Yaya, riƙe min ita, wurin can ba na yara ba ne. Kada ki gaya ma Malam, za ya ce bari ya rubuta takarda.'"

Shekara tara kafin in rubuta takardar, Kubura ta san zan rubuta ta, ta kuma san abin da za ta haifar. Ba ta da Turanci, ba ta da hoto, ba ta taɓa riƙe jarida ba sai don hura wuta. Ta fitar da wadda za ta iya fitarwa, ta koma ta ci gaba da wanke mini riga.

"To," in ji Rahmatu. "Goggo, ki ce mishi yarinyar nan za ta bi ku Gwandu. Ɗiyar fari ce, babu wanda za ya ce a'a a gidan nan."

"Ita uwar fa?" na tambayi zana.

"Goggo, ki tambaye shi. Mai sunan yarinyar nan ta bar shi can shi kaɗai?"

Na ce ba ta bari ba, kuma shi ya sa tana ƙarƙashin ƙasar Ikko. Na ce yarinyar Indo ta zauna a Kalgo, ko ta zo Gwandu, ɗaki yana nan. Na ce ni zan koma zaure in ba da haƙuri, in tsuguna idan ana so. Na faɗi abubuwa da yawa, zana tana saurare.

"Shekara biyu ya ce," in ji ta.

"Ni ma biyu na ce."

Can sai na ji ta ce, "Goggo, hoton nan ba ni mayar da shi."

Washegari muka hau mota mu uku. Albarka ta yi kuka har Birnin Kebbi, a can Indo ta saya mata rake ta yi shiru. Bayan kwana goma sha ɗaya Lukuman da Rahmatu suka bi motar Jega, su da leburori goma sha huɗu. Ruwa ya sauka a makon, kuma an yi damina mai kyau, shinkafar Malam Abdulgani har ta fi ƙarfin rumbunsa.

Yarinyar tana nan. Mijinta take ce mini, tana kuma gaya wa kowa za ta sake ni don na tsufa, ba ni da aiki sai kallon takarda. Kullum da safe nakan tsaya a bakin ɗakin Indo in saurara kafin in wuce. Ƙirjinta fes.

Bayan kaka wasiƙa ta zo daga Ikko, rubutun mai rubuta wa mutane a bakin gidan waya. Suna lafiya, an ba Lukuman rigar aiki, yana gaida wane da wane har shafi biyu. A can ƙasa layi ɗaya: maiɗakinsa ta ce a gaya wa Goggo a cikin ɗaki take shanya. Kubura ma ta gwada haka a shekararta ta biyu. Ta ƙarƙashin kwano hayaƙin yake shigowa.

Bana damina ta uku ke nan. Garmar ba ta zo ba, su ma ba su zo ba.

Da shekarar kalandar ta ƙare Sambo ya yanke watannin ya bar hoton. Na ce ya sayar mini, ya ƙi, wai yana jawo masa mutane. Yana jawowa kuwa, samari uku sun ƙara tafiya daga unguwar. Idan na sami mota nakan je Kalgo ranar kasuwa, ba tare da ina da abin saye ba. Yana hango ni zai ɗaga murya.

"Malam Tafinta! An zo ganin hadari?"

Nakan wuce buhunan gishiri in tsaya in ƙirga yatsun. Takwas ne. Tana nan a bayan zanen da suka yi wa fenti, tana danne tari, tana jira in ce mata an gama.